Jan Ƙyalle a Jikin Tsamiya

A unguwar kwari ta Dogon Dutsi babu wanda bai san Germaine ba, kuma ba sanin arziki ba. Ita ce in ta ɗauki tulu sai ya fashe, in ta shiga ƙofa sai kafaɗarta ta gaisa da bango. Tana da shekara talatin ta ɓata a hanyar kasuwa, sai mai amalanke ne ya maido ta gida. Da yayanta Félix ya kai ta asibiti a Yamai, lokotoro ya ce abin yana da suna, disfiraksi: kai ya san abin da yake so, hannu da ƙafa su ƙi jin saƙo, hagu da dama su yi ta rikicewa. Ba shi da magani sai horo. Unguwa kuwa ba ta da lokacin dogon suna, tuni ta raɗa mata nata, wato Sakarai.

To, wannan sakaran ce take riƙe da uwarsu, Inna Élisabeth, tun da ta makance. Ita ke dama mata fura, ko da rabi zai zube, ita ke yi mata wanka. Duk duniya Inna kaɗai ce ba ta taɓa ce mata "kawo in yi da kaina" ba.

Bara ƙorama ta cika ta ci gidaje tara. Bana aka yi shela cewa in ruwa ya taso, kowa ya hau lakwal, wato makarantar boko da ke kan tudu. Félix na jin haka ya zo daga Yamai, ya ce zai tafi da Inna.

"Ke da ba ki iya kai kanki kasuwa, ƙaƙa za ki kai makauniya lakwal cikin ruwa?"

"Yaya, ka ba ni wata guda," in ji Germaine.

Ya yi dariya. "In kin iya hanyag ga, Inna ta zamna. Na yi alkawali."

Germaine ta roƙi wani tsohon jan zane na Inna, ta yagi ƙyalle bakwai daga jikinsa, domin sau bakwai ake yin kwana tsakanin gidansu da lakwal. A kowace kwana ta ɗaura ƙyalle ta ɓangaren da za ta juya. Ƙullin kaɗai ya ci mata yini uku, da hannu da haƙori. Ta sa awarwaro a hannun dama, ta haɗa hanyar cikin 'yar waƙa: tsamiya, hannun awarwaro, injin niƙa, hannun banza, rijiya, hannun awarwaro, har zuwa ƙofar lakwal. Ta kuma kafa wa kanta doka: in ta rikice kada ta yi gaba, ta koma alamar baya. Safe da yamma take bin hanyar, ta faɗi ta tashi, gwiwoyinta duk tabo. A mako na uku ta fara bin hanyar tana jan Inna.

Amma a Arewa ba a ganin jan ƙyalle a jikin tsamiya a ce alamar hanya ce. Maƙwabciyarsu Altine ce ta fara magana, ranar da jikarta ta kwanta da zazzaɓi. Ta ce dama can wannan faɗuwa da ɓata ba banza ba, iska ce, ga shi yanzu ana ɗaura wa doguwa kaya a bakin hanyar mutane. Har matan majami'arsu Germaine suka kama baki. Abin takaici, ƙofar gidan a buɗe take, amma ba a sami mace ɗaya da ta shiga ta tambaya ba. Wata Talata da safe suka bi da wuƙa, suka yanke ƙyallayen bakwai suka ƙone.

Da azahar ɗin ranar hadari ya haɗo. Kafin la'asar ruwa ya shigo tsakar gida, mutane na gudu suna kiran 'ya'yansu. Germaine ta goya Inna ta fita.

A gindin tsamiya ta tsaya cak. Babu ƙyalle. Ruwa ya kai mata ƙwauri, gari ya juya mata, ba ta san gabas ba balle yamma. Kuka ya zo mata.

"Mi ya hwaru, ɗiyata?" in ji Inna.

"Sun cire, Inna. Sun cire duka."

"Waƙar ma sun cire ta?"

Germaine ta girgiza hannu, awarwaro ya yi ƙara. Ta juya wajensa. Ta wuce injin niƙa, ta juya hannun banza. A rijiya ta kuskure, ta yi taku ashirin ba ta ga katangar da ta sani ba. Ƙafarta ta zame suka faɗi tare, gwiwar Inna ta kuje. Ta tashi, ta sake goya ta, ta koma rijiya kamar yadda dokarta ta ce, ta fara daga nan. Sun shiga lakwal kafin Altine da iyalinta, waɗanda suka yanke ta gajeriyar hanya ruwa ya koro su.

Germaine ta zauna a ƙasa, daɗi kamar ya kashe ta. Ba a jima ba ta ji ana raɗa a bayanta: "Kun gani ko? Babu ƙyalle ma sun jawo ta. Wa ya ce ita ɗai take tahiya?"

Bayan kwana biyu Félix ya iso da mota. Ya dubi gwiwar Inna, ya saurari abin da gari ke faɗi, ya hau haɗa kaya.

"Yaya, na kai ta. Ka yi alkawali."

"Kin kai ta, kin kuma kada ta. Dace ne, Germaine, ba kullum aka dace ba. Ga kuma sunan gidanmu a bakin mutane."

Inna ta ce ba za ta ba, amma makauniya mai shekara saba'in da me za ta ƙi? Aka ɗauke ta aka sa a mota. Ta laluba cikin ƙunshinta, ta zaro ragowar jan zanen, ta miƙo ta taga.

"Karɓi. Ki yaga ki sake ɗaurawa."

Germaine ta karɓa, sai da ya suɓuce ya faɗi cikin taɓo ta duƙa ta ɗauka.

"In ɗaura in kai wa, Inna?"

Motar ta tashi. Germaine ta bi ta da ido har tsamiya, ta ga ta juya hannun banza, hanyar da ba ta cikin waƙarta.