Hulunan Lajna a Bi'ir Ali

"A ɗan ja tukunyar nan baya, ya Hajja," in ji Ja'afaru, yana nuna ta da bakin biro. "Tana tare rubutun."

Iyatu ta ɗaga kai ta dubi rubutun. Farin ƙyalle ne aka ɗaure tsakanin sanduna biyu, an rangaɗa masa koren fenti da Larabci da boko: Lajnar Hausawan Madina Don Hidimar Baƙin Allah. Shekara ashirin da shida ke nan tana girke tukunyar kunun tsamiya a gindin wannan katanga ta Bi'ir Ali, inda motocin alhazai ke tsayawa su ɗaura harami kafin su kama hanyar Makka, kuma tukunyar ba ta taɓa tare wa kowa komai ba. Lajna kuwa, wato ƙungiyar, wata huɗu ke gare ta a duniya, amma har ta yi shugaba, da mataimaki, da sakatare, wato Ja'afarun nan, da hatimi, da akwatin gidan waya.

Ta ja tukunyar taku biyu. Ja'afaru ya duba takardarsa ya ce a ƙara. Ta ƙara, har inuwar katangar ta ƙare, rana ta sauka a kan murfin.

Ba kunun ne ya dame ta ba, don kunu ko a rana ya sha. Abin da ya dame ta, daga inda aka tura ta ba lalle alhazai su bi ta gabanta ba, kuma ita tana da tambayar da take yi wa kowace mota. Lokacin da iyayenta suka taso daga Kafin Gulbi a ƙasa za su zo hajji, sun bar ɗansu Ƙasimu, yaro ɗan shekara huɗu, a hannun kakansa, a kan za su dawo cikin shekara biyu. A hanya aka haifi Iyatu, wajen Fashir. Uban ya rasu a Sawakin, uwar ta iso Madina ba ta koma ba, ta ƙare rayuwarta tana dama wa alhazai kunu tana tambayarsu ko akwai mutumin Kafin Gulbi. Da ta zo rasuwa, tukunya da tambayar ta bar wa Iyatu. Iyatu ba ta taɓa ganin wan nata ba, amma tana kewarsa, kuma ba ta jin kunyar faɗa.

Asalin shirin lajna a filin jirgi ne. Can aka ce za a tarbi alhazan Najeriya suna sauka, a ba kowa hula da 'yar kwalbar turare. Shawara ce mai kyau, kuma kwamitin kyaututtuka ya yi zama uku a kanta kafin a buga mata hatimi. Sai shugaba, Maiturare, mai babban shagon turare kusa da masallacin Harami, ya tuna cewa mataimakinsa Mahmudu a filin jirgi yake aiki, kowa ya san shi a can, har 'yan sandan ƙofa sukan ɗaga masa hannu. Nan take ya gano cewa filin jirgi akwai cunkoso, kuma ladan hidima ya fi yawa a miƙati. Aka mayar da taron Bi'ir Ali. Mahmudu ya kamu da ciwon baya tun daga ranar.

Kyaututtukan dai ba wanda ya koma kansu. Duk mutanen lajna a Madina suka girma, ba wanda bai san cewa namiji mai harami ba ya rufe kai kuma ba ya taɓa turare ba. Amma magana ce da aka riga aka buga wa hatimi, kuma turaren na shugaba ne, hulunan ma surukinsa ne ya ɗinka. Iyatu ce kaɗai ta yi magana daga bayan labule a zaman ƙarshe, inda aka ajiye sashen mata, wato ita da wasu biyu.

"Hula za ku kai wa masu harami?"

Ja'afaru ya buɗe littafinsa ya ce batun ba ya cikin jadawalin ranar. Daga baya aka samo mafita: za a ba su a hannu, a ce su ajiye sai sun kwance harami. Wani ya ce to me zai hana a ba su tun kafin su shiga masallaci, lokacin da shafa turare ma sunna ne. Maiturare ya ce a'a, ya riga ya yi magana da mai hoto, kuma hoto ya fi kyau in kowa yana cikin farare.

Ga su nan yanzu a kan teburi, huluna ɗari uku jere kamar ƙwai. Kowace a gefenta an ɗinka sunan lajna da koren zare, a ƙasa kuma lambar akwatin gidan waya, Madina Munawwara. Maiturare ya dage a kan lambar, wai don masu son rubuto godiya. Kusa da hulunan ga butarsa ta azurfa mai dogon wuya, wadda yake yayyafa wa masu shiga shagonsa ruwan wardi mai ƙamshi da ita. Ya ce ado kawai aka kawo ta yi wa teburi.

Wajen hantsi motocin suka iso, guda uku, alhazai suka zubo da jakunkunansu da butocinsu suka nufi wajen wanka. Iyatu ta buɗe tukunya ta juya kunun da ludayi. Ƙamshin tsamiya ya tashi. A kowace shekara wannan ƙamshin ne ke yi mata kira, mutumin da ya kwana goma yana cin gurasa da shinkafar Larabawa ba ya wuce shi.

Bana lajna ta shimfiɗa igiya. Da alhazai suka fito daga masallaci cikin farare, suna talbiyya, sai Ja'afaru da mutanensa suka riƙa karkatar da su cikin igiyar, "Tafaddalu, ta nan, ta nan," har suka taru a gaban teburi. Maiturare ya gyara mishlahinsa, alkyabba mai bakin zinare, ya karɓi lasifika, ya busa a ciki sau biyu.

Ya fara da Larabci, don girmama wuri. Ya dawo Hausa, don girmama baƙi. Hausar tasa kuwa ta kwana biyu a Hijaz, rabi da rabi ce, alhazai suna ta gyaɗa kai cikin ladabi ba tare da sun san inda aka dosa ba. Ya kawo tarihin lajna tun daga ranar da tunaninta ya zo masa a shago. Ya ambaci sunayen 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake Mahmudu. Rana tana dukan kawuna tsirara, masu sanƙo suka fara kare ƙeya da tafin hannu. Direbobi suka fara taɓa hon.

Daga can bayan taron wani dattijo siriri ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin igiya. Ya tsaya yana shaƙar iska, sannan ya miƙe sak zuwa wajen Iyatu.

"Baiwar Allah, hancina ne ke yi mini ƙarya, ko kunun tsamiya ne wannan?"

"Shi ne, Alhaji. Bismilla."

Ya tsuguna ya karɓi kwano da hannu biyu. Bai ɗago ba sai da ya ga ƙasansa. Ta ƙara masa. Ya ce sunansa Haladu, manomi ne, kuma tun da ya baro gida bai ji cikinsa ya zauna ba sai yanzu. Wasu biyu suka hango shi suka sulale, sannan wasu huɗu.

Iyatu ta jira har ya sauke kwano na biyu, kamar yadda uwarta ta koya mata, don ba a tambayar mai jin yunwa.

"Alhaji, a motarku ko akwai mutumin Kafin Gulbi?"

Ta riga ta miƙa hannu za ta karɓi kwanon, saboda ta san amsar. Sau dubu nawa aka ce mata, "Ina ne nan?" ko "Allah ya sa a dace."

"Kafin Gulbi?" in ji Haladu. "Ai babu Kafin Gulbi yanzu. Ruwa ya cinye shi, shekara bakwai ke nan, da aka yi madatsa. Daga garinmu muna hango kan kukar kasuwarsu in ruwa ya ja baya."

Ludayin ya suɓuce ya nutse cikin kunu. Ba ta bi ta kansa ba.

"Mutanen fa?"

"An raba su. Wasu an kai su tudu, wasu sun bi dangi. Wa gare ki a can?"

"Yayana. Ƙasimu. Ƙasimu na gidan Maƙera, wanda iyayensa suka tafi hajji ba su dawo ba."

Haladu ya riƙe gemu. Ya runtse ido ɗaya. Lasifika tana ta zuba a bayansu, Maiturare ya kai wajen manufofin lajna na shekaru biyar masu zuwa.

"Akwai wani maƙeri da ake ce wa Ɗan'inna," ya ce a hankali. "Dogo, baƙi. Mun sha kai masa garma. An ce haka aka riƙa kiransa don yana yaro kullum yana bakin hanyar gabas yana jiran uwarsa. Sunansa na yanka ne ban riƙe ba. Amma ƙanena da ke gida ya san inda suka koma, don bara ma..."

Daidai nan Maiturare ya kai ƙarshen jawabinsa. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Ahlan wa sahlan, marhaban da baƙin Allah!" Mai hoto ya ɗaga na'urarsa. Sahun gaba suka matso don karɓar kyauta. Shekara arba'in Maiturare yana shago, duk wanda ya matso kusa da teburinsa da fara'a, hannunsa ya san abin da yake yi ba sai an gaya masa ba. Hannun ya ɗauki butar azurfa, ya kaɗa ta dama, ya kaɗa ta hagu, yalwatacce, irin na ranar da ciniki ya yi kyau.

"Turare ne!" wani ya ce daga gaba.

Taron ya watse. Waɗanda ruwan wardin ya sama suka ruga wajen famfo suna riƙe da gefen haraminsu nesa da jiki, malamin motarsu yana bin su yana cewa a wanke maza kafin yanka ya hau kan mutum. Waɗanda bai sama ba suka yi wajen motoci, igiya ta tsinke, teburi ya karkace, huluna suka gangara ƙasa. Maiturare ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani ne aka ara masa. Direbobin da suka yi kusan awa guda suna jira suka tayar da inji gaba ɗaya.

Wani ƙato ya finciki hannun Haladu. "Baba, taso, motarmu ce ta farko, za a bar mu."

"Alhaji, ina suka koma?" Iyatu ta miƙe tana bin su. "Wane gari?"

"Ƙanena ne ya sani," ya ce yana waiwaye, ana jan sa. "Ni ban riƙe ba, wallahi."

Aka tura shi cikin mota. Iyatu ta tsaya a tsakiyar fili. Ba ta iya rubutu ba, ba ta da adireshi, gidan da take haya ko lamba ba shi da ita. Takaici ya cika ta. Sai ta ji ta taka wani abu mai laushi.

Ta sunkuya ta ɗauki hular. Rabon da ta yi gudu tun tana budurwa, amma ta yi, mayafinta yana jan ƙasa. Motar ta fara motsi. Ta hango farin gemun a taga ta uku, ta miƙa hular sama, ya zuro hannu ya karɓa, sai kuma ya riƙe ta nesa da kansa a tsorace.

"Kada ka sa!" ta ce tana bin motar. "Ka ɓoye a jaka. Akwai lamba a jiki. In ka koma ka sa a rubuto, ko da ajami ne. A ce Iyatu mai kunu, ƙanwar Ƙasimu. A gaya masa Inna ta yi ta tambaya har ta rasu."

Ya ɗaga hular ya gyaɗa kai. Motar ta hau kwalta ta miƙe kudu, talbiyya tana fita ta tagoginta.

Da ta dawo ta tarar lajna ta yi zaman gaggawa a inuwar katangarta. An tsince hulunan an kakkaɓe. Mutum uku sun riga sun gaya wa Maiturare cewa jawabin ya ratsa jiki, kuma ya fara dawowa hayyacinsa. Ja'afaru ya rubuta cewa an gudanar da taro cikin nasara, sai dai an sami ɗan saɓani daga wajen direbobi. Game da hoto kuwa, mai hoto ya ce mutanen da ya samu a tsaye wuri ɗaya su ne na bakin tukunya, don haka aka amince a shigar da kunu cikin ayyukan lajna tun daga farkon kafa ta.

Tun da asuba, lokacin da take ɗora tukunya a motar maƙwabcinta, Iyatu ta riga ta yi wa kanta alkawari cewa yau ne rabuwarta da mutanen nan, baɗi za ta koma can ƙarshen fili ita kaɗai. Yanzu ta tsamo ludayinta daga cikin kunu ta goge.

"Saura batun baɗi," in ji Maiturare, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. "Akwai masu ganin a bar hulunan nan."

"A ƙara ɗinka wasu," in ji Iyatu. "Lambar ta fi haka girma."

Duk suka juyo. Maiturare ya dube ta da idon godiya, ya ce shi dama ya san Hajiya Iyatu mace ce mai hangen nesa. Ja'afaru ya rubuta.

"Ja'afaru," ta ce, "makullin akwatin nan na gidan waya, a hannun wa yake?"

"A hannuna, ya Hajja. Amma bisa tsari ba a buɗe shi sai ranar zama, gaban 'yan lajna."

"Yaushe ne zama na gaba?"

"Talata, bayan la'asar. Duk Talata."

Ta rufe tukunyar ta ɗaure murfin da tsumma.

"A ajiye mini wurina a bayan labule," ta ce.