Ramukan Hanyar Kawuor

Ranar da masu gwanjo suka zo kwashe kayan kamfaninmu, ni da babana muka riga su isa bakin ƙofa. Shi yana zaune a kan bencin mai gadi, ya sha farar rigarsa ta zuwa coci, sandunansa biyu a jingine da bango. Ni kuwa ina ta kai-komo ina tsine wa mai gidan hayar a zuciyata. Sati uku ke nan da ya garƙame mana ofis da kwaɗo saboda bashin haya, sai yau za a buɗe, shi ma don a kwashe ne.

“Uwata, zauna mana,” in ji Baba. Sunan mahaifiyarsa Awiti aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba. “Mota ba ta zuwa don fasinja ya ƙagu.”

Ya san abin da yake faɗa. Shekara ashirin da bakwai Baba Ochola ya yi yana tuƙa matatu, ƙaramar bas ɗin haya, daga Tashar Kifi zuwa Kawuor, sawu shida a rana, har ciwon suga ya cinye masa ƙafar dama aka yanke. Tun daga nan bai sake riƙe sitiyari ba. Ni kuma da bakina na yi masa alkawari cewa sai ya sake tuƙa hanyar nan, a cikin wasan kwamfutar da muke haɗawa.

Mu goma sha ɗaya ne a kamfanin Ngege. Asusun matasa na gundumarmu ne ya ba mu jari, ranar har bijimi aka yanka, aka yi jawabi kala-kala a kan yadda garinmu na bakin tafki zai zama abin kwatance. Sunan wasan Sauke Ni Nan. Kana tuƙa matatu, kana ɗibar fasinja, kana kauce wa ramuka. Daɗinsa duk a ramukan yake. Ni ce mai zane, kuma wata shida na yi ina bin hanyar nan da igiyar awo, ina tsugunawa a bakin kowane rami, 'yan acaɓa suna mini ihu wai na haukace. Direbobi suka ba ni sunayensu ɗaya bayan ɗaya: Tagwaye, Bahon Fasto, Maci Taya, da uwarsu duka, Suruka.

To, ka san kuɗin jama'a. Duk kansilan da ya ga dama sai ya kwaso tawagarsa ya zo duba aiki, ya sha shayinmu, ya cinye mana mandazi, wato fankenmu. Na farko ya ƙura wa allo ido ya ce, “Wannan ramin a mazaɓata yake? So kuke a ce ban yi aiki ba?” Shugabanmu Mista Omolo, mutumin da bai taɓa ce wa mai biro a'a ba, ya juyo ya ce, “Awiti, cire.” Na cire. Na biyu ya ji an gyara wa na farko hanya, shi ma ya zo. Na uku ya ce a ƙara masa fitilun titi. Wani ya sa na zana masa asibiti mai hawa uku a daidai bakin layin da aka haife ni, inda har gobe ba komai sai shagon mai faci da bishiyar mangwaro. Shekara biyu muka ɓata muna gina wa gunduma ayyukan da ba a yi ba.

Da wasan ya fito, hanya sumul tun daga tasha har Kawuor. Yara su yi minti biyar su fara hamma. Ba wanda ya saya. Sai ga kansilolin nan dai, su ɗin dai, sun miƙe a zauren majalisa suna buga tebur, wai ina kuɗin talakawa suka shiga! Mista Omolo ya ce zai je Nairobi ganin masu zuba jari. Tun daga ranar wayarsa a kashe take.

Duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar ranar da na nuna wa Baba hoton hanyar a wayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce, “Uwata, wannan wace ƙasa ce?” Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Amma akwai abin da kansiloli ba su sani ba. A sana'armu ba a shafe abu. Wanda ya ce ka cire yau, shi zai dawo gobe ya ce ka mayar, saboda haka ɓoyewa ake yi. Ni duk ramin da aka ce in cire, sai in ja shi in jefa a ƙarƙashin tafkin da ke cikin wasan, inda idon mai wasa ba ya kaiwa. Suna nan kwance gaba ɗayansu. Matsalar ita ce wasan kansa yana cikin kayan da za a yi gwanjonsu, kuma a babbar kwamfutar ofis kaɗai yake. Idan motar nan ta tashi yau, alkawarina ya tafi da ita.

Ƙarfe tara Nyaboke ta sauka daga acaɓa da ledar mandazi. Ita ce ke rubuta wa wasan umarni, kuma ita kaɗai ta amsa kirana cikin mu goma sha ɗaya.

“Awa ɗaya nake buƙata,” ta ce. “In ramukanki ba su narke ba.”

Ba ta rufe baki ba sai ga babbar mota ta yi fakin. 'Yan dako huɗu suka diro, sannan mai gwanjon, Mista Barasa, wani ƙaton mutum da kwat a cikin wannan zafin, biro a bayan kunne, takarda a hannu. Aka buɗe kwaɗo. Na bi shi ina yi masa bayani, ban kai rabi ba ya ɗaga mini hannu.

“Madam, kowane gida na shiga da labarinsa. Jiya wata ta ce firjinta na marigayi ne. Ni takarda nake bi. Na ɗaya, babbar kwamfuta. Na biyu, kujerar tuƙi da sitiyarinta.”

Har na buɗe baki zan faɗa masa abin da zai kwana yana tunawa, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayana. Baba ne. Ya wuce mu duka, ya nufi kujerar tuƙin nan da aka saya don burge baƙi, ya zauna, ya kwantar da sandunansa, ya gyara wuyan riga.

“Ɗana,” ya ce wa Barasa, “duba takardarka, ni na nawa ne?”

“Haba Dattijo, tashi mana.”

“Da wace ƙafar? In kujera kuke so, ku ɗauka da ni. Amma a hankali, jiya na ci tuwon ugali da yawa.”

'Yan dakon suka dubi juna. Babbansu ya ce, “Oga, ni dai ba zan ciccibi sa'an ubana in jefa a mota ba.” Barasa ya cire biro, ya sosa kai da shi, ya mayar. Sai ya juya takardarsa ya ce a fara daga ƙasa, tukunyar shayi da kofuna. “Amma ku ji da kyau. Da na iso sama, na iso.”

Nyaboke ta kunna kwamfuta. Aka fita da kayan kicin, aka fita da fankoki, aka fita da hoton ranar yanka bijimi. Da aka zo kan teburinta sai ta sauke komai ƙasa, ta miƙe ƙafa a kan siminti ta ci gaba, mandazi a baki. Ni ina tsaye a kanta ina nuna mata gurbin kowane rami, don ni kaɗai na san wane ne na ina.

Can ta ce, “Innalillahi, Awiti, zo ki gani.” Nyaboke ba Musulma ba ce, a wurin wata maƙwabciyarta ta ɗauko kalmar, kuma sai abu ya ɓaci take fito da ita.

Ramuka sun dawo kam, kowanne a mazauninsa. Sai dai shekara biyu a ƙarƙashin tafki, wasan ya ɗauke su ruwa ne, duk sun dawo cike taf, har kifi na tsalle a cikin Bahon Fasto. Ta ce fitar da ruwan zai ci wata awar. Na dubi ofis, saura kujeru shida da mu. Na ji hawaye na taruwa, na takaici.

Baba ya leƙo allon, ya yi dariya har da buga cinya. “Damina ce ke nan! Ku bar su haka. Ai da rani kowane sakarai direba ne.”

Saura totur da birki. Baba ya dubi matakan ƙarfensu biyu a ƙasa, ya dubi inda ƙafarsa take a da. Ban jira ya yi magana ba, na durƙusa a gefen kujerar, hannun dama a totur, na hagu a birki. Na ce ya dinga faɗa ina dannawa.

“Mota ba ta tashi sai kwandasta ya buga,” in ji shi.

Babban 'yan dakon ya daki bangon katako sau biyu. Baba ya ce, “Taka!” Na taka.

Daga inda nake durƙushe rabin allon kawai nake gani, amma ina ganin hannuwansa. Ba su manta komai ba. Tafin hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗayan yana laluben giyar da babu ita. “Rage. Taka. Taka mana, Uwata, ba gawa muka ɗauko ba!” Ya ratsa tsakanin Tagwaye ko ruwa bai fantsala ba.

Wani ɗan dako da ya ɗauko kujera zai fita ya tsaya cak. “Kai! Wannan ai kwanar masu gawayi ce! Ga Maci Taya can, nan babur ɗin yayana ya mutu!” Ya dire kujerar a bayan Baba ya zauna. Kafin a jima su huɗun sun jeru biyu-biyu, Nyaboke a kujerar baya, in motar ta karkata su ma su karkata. Suka fara koya wa Baba tuƙi.

“Dattijo, bi ta dama!”

“Ta hagu, ta dama akwai kwata!”

“Ku yi mini shiru,” in ji Baba. “Ina bin hanyar nan kuna tsumman goyo. Ga Suruka nan tafe. Ita ba a haɗa ido da ita. A rage gudu, a sunkuyar da kai, a raɓa ta gefe. Birki, Uwata. Sannu. Sannu. Yauwa, mun gaishe ki, Mama.”

Motar ta zame ta gefenta, taya ɗaya a kan ciyawa. Ɗakin ya kaure da tafi. Barasa, wanda tun ɗazu yake tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo, ya matso ya ce, “Ta nan ake bi? Ni sau biyu tana fasa mini tankin mai.” Bai san sanda ya cire kwat ba. Da Baba ya tsaya ɗaukar fasinja a tashar makaranta, shi ne ya leƙa ta taga yana kururuwa, “Kawuor! Kawuor! Saura mutum ɗaya!” har mai gadi ya ɗago kai daga bencinsa. Sannan ya daki bango sau biyu da takardar gwanjon.

Mun wuce gadar ƙarfe, hanya ta miƙe, ba rami ko ɗaya a gaba, sai na ji Baba ya ce, “Rage.”

Na rage.

“Birki.”

“Baba, nan ba tasha ba ce.”

“Na ce birki.”

Na danna. Fasinja suka fara ƙorafi. Na ɗaga kai na dubi allo, ba komai sai asibitin kansila, mai hawa uku, fari fat, da furanni a gaba. Baba bai ko dubi ginin ba. Yana kallon gefensa na hagu, daidai inda ya kamata a ce akwai bishiyar mangwaro. Ya sa babban yatsa a tsakiyar sitiyari ya danna oda sau biyu, gajeru.

Sai abin ya faɗo mini. Sawun farko na kowace safiya, oda biyu a bakin layinmu. Ni kuma in fito da gudu, buroshi a baki ko takalmi ƙafa ɗaya, in ɗaga masa hannu, sannan ya wuce. Tun ina 'yar shekara uku har na gama sakandare. Na auna kowane rami a hanyar nan, na haddace sunansa, amma wannan wurin da hannuna na binne shi da ginin ƙarya, ko a jikina. Kunya ta kama ni, da wani irin daɗi.

Baba yana nan yana jira, idonsa a kan allo.

“Yau yarinyar gidan nan ba ta fito ba ne?” ya tambaya.

Na bar hannun hagu a kan birki. Na cire na dama daga totur, na ɗaga shi sama yadda zai gani, ina kuka ina dariya.

Ya gyaɗa kai.

“To, ta fito. Kwandasta, buga mana. Taka, Uwata, mutane na sauri.”