Kaluluwar Yaya da Hukuncin Kawu

Yayana kafinta ne. Kaluluwa ta fito masa a wuya, ba ta zafi, sai dai ya yi ta rama. Aka yanki ɗan nama aka auna, likita ta ce ciwon dajin kaluluwa ne, wanda suke kira limfoma.

Kawu na jin sunan ya taho asibiti. Ya same mu a benci muna jiran layi, Yaya ya jingina da bango.

"Shi ya kashe abokina direba, nan da nan," in ji shi, ko murya bai rage ba. "Ku mai da shi gida ya huta. Shagon kuma a ba ɗana ya riƙe, kada katako ya lalace."

Yaya ya sunkuyar da kai. Mutum na zaune da ransa ana raba gadonsa!

Da aka kira mu na ce, "Kawu, bismillah, shigo." A ciki na ce, "Likita, ga kawunmu, ya riga ya auna wa Yaya likkafani, wai ciwon nan ne ya kashe abokinsa."

Ta ajiye biro. "Baba, wane iri abokinka ya yi?"

"Ai duk kanwar ja ce."

"A'a. Gida biyu ne. Na wannan ɗan naka sunansa Hodgkin, ya fi kama matasa, kuma yawanci ana warkewa da maganin ƙarin ruwa, wani lokaci a haɗa da gasa wurin da hasken na'ura. Ɗaya gidan iri-iri ne. Wani gudu yake, sai an tare shi da gaggawa. Wani tafiyar hawainiya yake, har mukan sa masa ido kawai, ba magani. In ka mai da ɗan nan gida ya kwanta, kai ka jawo abin da kake tsoro."

Kawu ya gyara hula ya fice, ko sannu bai yi wa Yaya ba.

Maganin bai zo da sauƙi ba. Gashin Yaya ya zube, amai ya hana shi sakat, ni ke riƙe masa roba. Bayan watanni hoto ya nuna ciwon ya tafi, Yaya ya koma kan zarto.

Yanzu Kawu yawo yake yana cewa shi ya matsa aka tsaya a asibiti. Inna ta ce in yi haƙuri, ƙaninta ne. Ina gaishe shi, amma iyakarta ke nan.