Hannun Zaidu da Albasar Maikuɗi

Shekara goma sha tara Zaidu ya yi yana goyon tankin feshi a gonar albasar Alhaji Maikuɗi, can bakin ruwa kusa da Wara, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Yanzu ko lomar tuwo sai matarsa Dudu ta kai masa baki, don hannunsa rawa yake ba hutu.

Likita ta yi mata bayani dalla-dalla. Akwai wani sinadari, furotin, da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke naɗewa kamar yadda ake naɗe zane. In naɗin ya karkace sai ya taru, ƙwayar ta yi ta gyara har ta gaji, daga ƙarshe ta kashe kanta. Wadda ta mutu kuwa ta tafi ke nan.

"Maganin feshi na iya jawo ciwon," in ji likitar, "amma ba zan rantse ba."

Dudu kam ta rantse. Da ta kai wa Maikuɗi maganar, dariya ya yi, wai tsufa ne. Tsufa! Mutumin da bai cika hamsin ba?

Ta haɗiye, ta jira. Ranar da ƙwari suka faɗa wa albasa, Maikuɗi ya aika neman masu feshi, sai ta ɗora Zaidu a kan babur har tashar da 'yan ƙwadago ke taruwa. Ta zaunar da shi, ta miƙa masa kofin ruwa. Kafin ya kai baki ya jiƙe sharkaf.

"Ku duba da kyau," ta ce. "Shi ya riga ku ɗaukar tankin nan."

Kwana shida tana haka, ba wanda ya taka gonar. Ganye ya yi fari, ya kwanta. Wallahi daɗi ta ji har cikin ranta, sai dai ba ta iya haɗa ido da mijinta, don ta san ta mai da shi abin kallo.

Rana ta bakwai sai ga Maikuɗi da kansa a zaurensu, murya ƙasa-ƙasa, wai a rufa wa juna asiri. Zaidu ya miƙa masa hannu, dole ya karɓa. Rawar ta bi hannun Alhaji har kafaɗa. Ya ja, Zaidu ya ƙi saki.

"Riƙe sosai, Alhaji," ya ce. "A gonarka rawar nan ta tsiro."