Kujerar Odagiri

Odagiri Tetsuzo ya cire hular kwano, gumi na bin furfurarsa, ya ɗaga kai ya dubi allon lokaci. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da biyu da ɗigo shida. Nagumo, bakanikensa tun shekara ashirin da shida da suka wuce, ya miƙo masa tawul da gorar shayin sha'ir mai sanyi.

"Kai, tsoho, ashe da sauranka!"

"Rufe mana baki. Kai ɗin yaro ne?"

Mota ɗaya ce, direbobi biyu. Uwargida Tokuda, mai ƙungiyar, ta faɗa tun da safe ba ɓoye-ɓoye: kowa zagaye biyar, wanda ya fi sauri shi ke da kujerar direba baɗi. Odagiri shekararsa hamsin da uku, talatin da ɗaya daga ciki a kan tseren mota ya yi su. Kofin ƙasa sau uku, Turai shekara huɗu, karaya kuwa ya daina ƙirgawa. In kujerar nan ta kuɓuce babu mai sake kiransa, shi ma ya sani. Abokiyar karawarsa Minowa Kaede ce, 'yar shekara ashirin da huɗu, wadda ta haddace filin tseren nan a na'urar koyon tuƙi tun kafin ta taɓa taka shi. Yanzu ga ta a cikin motar ana ɗaure mata bel.

Sai dai wani abu na cin Odagiri. A zagayensa na ƙarshe, a kwana ta tara, ya ji bayan motar ya ɗan yi rawa. Duk lokacin da aka yi kwana biyu ana ruwa, bayan azahar ruwa kan tsattsafo daga gindin tudu ya jiƙa cikin kwanar, a inuwar itatuwa inda ido ba ya gani. Na'ura ba ta san wannan ba. Shi ya sani, don a nan aka ciro shi da karayar ƙugu shekara goma sha tara da suka wuce.

Nagumo ya riƙe masa hannun riga. "Na san kallon nan. Zauna. Kowa da sirrinsa a sana'ar nan. In ta zame, ciyawa kawai za ta shiga."

"Ni ma ciyawar aka ce zan shiga."

Ya fizge hannunsa, ya je ya tsuguna a ƙofar motar. Kaede ta yunƙura za ta rusuna, bel ya hana ta.

"Kwana ta tara," ya ce. "Ciki ya jiƙe. Kar ki manne wa gefen ciki yadda kika saba. Buɗe waje, faɗin mota ɗaya."

Da a nan ya tsaya, ai ya sauke nauyi. Amma mutumin nan bai iya rabin aiki ba, halinsa ke nan tun yana saurayi.

"Kuma kar ki taka birki a allon mita hamsin. Akwai wani baƙin faci a kwalta bayansa, jira shi. Zuciyarki za ta ce ki taka, ki ba ta haƙuri."

Ta zuba masa ido. "Baba, me ya sa kake gaya mini?"

"Motar nake tausayi. Wuce."

Motar ta fita da ruri. Nagumo ya dafe kai. "Shekara goma ka yi kafin ka gano facin nan, ka miƙa mata kamar alewa!"

Odagiri ya harɗe hannu a gaban allo. Zagayen farko, arba'in da uku da ɗigo tara. Na biyu, arba'in da uku da ɗigo ɗaya. Na uku, arba'in da biyu da ɗigo tara. Tsoro ya kama shi sosai, don yana son kujerar nan kamar ransa. Amma duk sanda motar ta doshi kwana ta tara, sai Nagumo ya ji shi yana raɗa, "Jira, jira, yanzu!"

A zagaye na biyar allo ya nuna arba'in da biyu da ɗigo huɗu.

Uwargida Tokuda ta zo gaban Odagiri ta rusuna, ta daɗe ba ta ɗago ba. Shi ma ya rusuna. Kaede ta fito da hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, ka yafe mini."

"Yafe me? Kin fi ni sauri, shi ke nan. Amma a zagaye na biyar kin yi saurin taka birki."

"Kaɗan ne fa, Baba."

"Kujerata kika karɓa, ba za ki zauna mini a kanta da tsoro ba. Je ki share fuska, ana ɗaukar hoto."

Ya ratsa bakanikai yana ɗaga musu hannu, har da tsokanar ɗaya a kan tumbinsa. Sai da ya zagaya bayan gareji, inda babu kowa, ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya kai hannu zai zuge zif ɗin rigar tsere, yatsunsa suka kasa kamawa. Ya gwada sau uku.

Nagumo, da ya biyo shi a hankali, ya durƙusa a gabansa ya zuge masa. Wannan karon bai tsokane shi ba.