Gonar Kembabazi da Gauraka Biyu

Da aka tashi gina otal a fadamar da ke gindin garin Kabale, sai da aka zuƙe ruwan, aka cike wurin da jar ƙasa, sannan aka raɗa masa suna Masaukin Gauraka. Gaurakin kuwa suka tattara suka bar wa otal sunan. Biyu kawai suka rage, mata da miji, su ma a gonar Kembabazi suke yini, bayan katangar otal, suna tone mata irin dawa tana jifansu.

Gonar nan ita kaɗai mijinta ya bar mata. Ran nan sai ga ɗan wanta Turyagyenda, jami'in muhalli na otal, wanda ya yi kwas na sati uku a Kampala.

"Gwaggo, kwamiti ya zauna. Gonar nan ta zama wurin kare tsuntsaye."

"Kare su daga wa?"

"Daga ke. Baƙi sun ga kina jifa. Wata Baturiya har da hawaye."

"Shekara tara ina jifa ban samu ko ɗaya ba. Ni ya kamata ta yi wa kukan."

Ya nuna mata takarda, wai fadama ta hukuma ce, ba a taɓa ta. Kembabazi ta dubi takardar, ta dubi otal mai hawa huɗu a tsakiyar fadamar, ta ɗauki fartanyarta ta hau tudu, inda gidanta yake.

Aka baje kunyoyinta, aka dasa ciyawar Turawa, aka jera benci, aka kafa allo da yare uku. Gaurakin suka yini ɗaya a kan ciyawar suna kallon allon. Washegari suka tafi. Kowane yaro a Kabale ya san gauraka bayan fartanya yake bi, inda aka juya ƙasa tsutsa ta fito, amma ba a gayyaci yara zaman kwamitin ba.

Aka yi taron bita na kwana uku da shayi da samosa. Aka sayo gaurakin siminti. Wani baƙo ya rubuta cewa ya jira awa biyu ba su yi rawa ba.

Bayan wata guda Turyagyenda ya hau tudu yana haki.

"Gwaggo, kwamiti ya sake zama."

"Kwamitin nan ko ciwon baya ba ya yi?"

"Mun ƙirƙiro sabon tsari. Sunansa noman gargajiya mai ɗorewa. Za a juya ƙasa da hannu, a shuka dawa."

"Ikon Allah. Ku kuka ƙirƙiro?"

"Da taimakon masana. Muna neman mai ƙwarewa."

"Dawar ta wa?"

"Taki."

"Gonar fa?"

Ya yi tari. "A rubuce, ta tsuntsayen ce."

Ta ce ba za ta sauka ba sai an sa sunanta a takardar, yadda ba mai sake tashinta. Aka sa. Da wata malamar makaranta ta karanta mata, sai ga sunan a shafin kayan da ba a fitarwa daga wurin, tsakanin benci shida da kwandon shara.

"Wato ko manaja ya canza, ina nan?"

Malama ta ce eh, sai dai in ta lalace.

Kembabazi ta ninke takardar ta sa a rigarta. Da safe ta sauka ta fara tuge ciyawar.