Lokacin Thelma a Sunan Clifford

Shekara goma sha ɗaya na yi ina rubuta lamba a kulob ɗin 'yan gudu na Cragworth. Aiki biyu aka yarje wa mace a kulob ɗin nan, ko ki dafa shayi ki yanka burodi, ko ki riƙe fensir a bakin layin ƙarewa. Ni rubutuna da kyau, sai aka ba ni fensir, ni kuma don rashin wayo har daɗi na ji.

Ga yadda muke yi. Tsoho Wilf Hargreaves ne mai agogo. Shi ba ya kallon fuskar kowa, idonsa na kan farin layi, duk ƙafar da ta taka sai ya rubuta lokaci. Ni kuma ina gefensa ina kallon ƙirji, ina rubuta lambar da aka maƙala wa kowa, bi da bi. In an gama sai mu shiga ɗakin kulob, in jera takardarsa da tawa, lokaci na farko ga lamba ta farko, har ƙasa. Abin da na kwafe a babban littafi shi ne ya faru. Abin da ban kwafe ba, ko duk garin ya gani, bai faru ba.

Ƙanwata Thelma tana aikin saƙa a masana'antar ulu, shekararta ashirin da shida a lokacin. Kullum kafin a busa ƙahon shiga aiki ta riga ta hau tsauni ta sauko da tsofaffin takalman mijina Clifford, ta cusa musu jarida a gaba. A wancan zamani ba a barin mace ta shiga tseren titi mai nisa. Wai jikinmu ba zai ɗauka ba, wai mahaifa za ta zazzago. Masu faɗin haka su ne waɗanda uwayensu suka yi awa goma a tsaye gaban injin saƙa da ciki wata takwas, ba wanda ya taɓa tambayar mahaifarsu.

Thelma ta rubuta wa kwamitin wasannin mata wasiƙa har sau huɗu. A ta huɗun aka amsa mata cewa za a zauna kan batun a watan Janairu, in tana da shaida ta kawo: lokaci a rubuce, da sa hannun jami'in tsere. Sun san babu inda mace za ta samo shi, shi ya sa suka nema.

Ana saura kwana biyu tserenmu na mil ashirin, a Oktoban 1968, ta same ni a kicin ina fere dankali.

"Enid, ranar Asabar zan shiga."

"Da wace lambar? Sakatarenmu Mista Entwistle sai ya ci hularsa kafin ya ba ki."

"Ya ci, ai da ma ta tsufa. Zan laɓe bayan shagon kifi, suna wucewa in bi su. Ba na son lamba, ba na son kofi. Ke dai ki rubuta abin da idonki ya gani."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Layi ɗaya."

Na ce mata to, kuma har zuciyata nake nufi.

Ranar Asabar yayyafi ake yi tun safe. Muna tsaye ni da Wilf, na farko ya shigo, na biyu ya shigo, aka yi ta shigowa. Can sai na ji hayaniya daga kwanar coci. Wani yana ihu, "Ke, koma gida, tukunya na ƙonewa!" Wata tsohuwa ta amsa masa, "Kai ka je ka sauke mana, tunda gudun ya fi ƙarfinka!" Sai ga Thelmarmu, gashi ya manne a goshi, gwiwa duk laka, tana tafe ba ko tangaɗi. Maza ashirin da biyu ne kacal a gabanta. Ta taka layi, na ga fensirin Wilf ya motsa. Ni kuwa babu lambar da zan rubuta, sai na ɗiga ɗan ɗigo a gefen takarda.

Wanda ya biyo bayanta, kusan minti biyu tsakani, mijina ne Clifford, fuska kamar dafaffen kabeji. Shekara bakwai yana neman lambar yabo ta tagulla da gunduma ke ba duk wanda ya gama ƙasa da awa biyu da rabi. Shekara bakwai ina jin wannan awa biyu da rabi a kan abinci, har na tsani jin ta.

A ɗakin kulob na jera takardu. Lokaci hamsin da takwas, lamba hamsin da bakwai. Mista Entwistle sakatare ya tsaya a kaina, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"Yaya, Misis Barraclough, lissafi bai fita ba?"

"Ya fita, Mista Entwistle. Na ashirin da uku na Thelma ne."

"Wace Thelma? Akwai Thelma a jerin waɗanda suka shiga? Wilf, ka ga mace?"

Wilf yana hura shayi ya ce, "Ni ƙafa na gani. Ƙafa mai kyau kuwa, ta fi taka."

Mista Entwistle bai yi dariya ba. Ya ce, "To kin san yadda muke yi."

Na sani kuwa. Takardar mai agogo ba a karce ta a tsakiya, tun kafin yaƙin duniya haka ake. In lokaci ya fi lamba yawa, sai a ce wani ɗan kallo ne ya gifta, a jera kamar kullum, a yar da na ƙarshe. Galibi daƙiƙa biyu ko uku ce ke canzawa, ba mai damuwa. Na sa yatsa na gangaro layi na ashirin da uku. Awa biyu da minti ashirin da tara da daƙiƙa goma sha biyu. Na ƙasansa, na Clifford na gaskiya, awa biyu da minti talatin da ɗaya. In na jera kamar kullum, lambarsa ce za ta hau kan lokacinta.

Shi ma Entwistle ya gani. Ya gyara hula ya ce, "Ki yi wa Clifford barka."

Da zan ce tsoro ne ya sa ni, da na samu sauƙi. Ba tsoro ba ne. Mene ne Entwistle zai yi mini, ya ƙwace fensir? So nake in koma gida in tarar da miji mai fara'a ko sau ɗaya. Na ce a raina Thelma yarinya ce, za ta sake yi baɗi. Na tsoma alƙalami na rubuta lambar Clifford a kan lokacin Thelma.

Da aka manna sakamako a ƙofa, Clifford ya karanta sau uku. Wannan mutum da ya yi ta kallon bayan Thelma da idonsa tun daga mil na goma sha bakwai, sai ga shi yana cewa, "Ai na ji a jikina, Enid! Na ce yau da bambanci!" Kafin Kirsimeti ya gama yarda da abinsa, har yana koya wa matasa yadda ake raba numfashi a tudu.

Thelma ta zo ranar Lahadi, ba ta ko cire kwat ba.

"Lokacina ne wancan."

"Ki yi magana a hankali, yana falo."

"Ya riƙe tagullarsa, ya kwana da ita in ya so. Ke ki ba ni takarda, ki ce kin gan ni, ki sa hannu."

"In na sa hannu ai na ce littafi ƙarya ne. Za su karɓe masa."

"To ƙarya ne mana, Enid."

"Ki bari sai mako mai zuwa, in yi tunani."

Ta dube ni ta ce, "Ke ko ɗigon kirki ba ki iya yi mini ba."

Mako ya zo ya wuce, Janairu ma haka. Kwamiti ya zauna, aka karanta wasiƙarta, aka ce babu shaida, aka wuce batu na gaba. Da baɗi ta zo Entwistle ya tsayar da maza biyu a bayan shagon kifi. Lokacin da aka buɗe wa mata tseren, shekara takwas sun shuɗe, injin ya riga ya murƙushe mata idon sawu, da sanda take hawa bas. Wata yarinya daga Leeds aka sa wa suna a allo a matsayin mace ta farko da ta gama, lokacinta bai ko kama ƙafar na Thelma ba. Ni na kwafe wannan ma.

Ba mu yi gaba da juna ba, da ma mun yi. Tana zuwa cin abincin Lahadi, tana saƙa wa 'ya'yana safa, maganar ce dai ba ta sake tayarwa ba, ni kuma na ɗauka ta huce tunda haka ya fi mini daɗi.

Clifford ya rasu a 1999. A coci, sabon sakataren kulob ya tashi yin jawabi. Ya ce ya binciko tsohon littafi, ya ga ranar da marigayi ya yi gudun da ya fi kowanne a rayuwarsa, cikin ruwan sama. Ya karanto shi a hankali, awa da minti da daƙiƙa, tsofaffin 'yan kulob suna gyaɗa kai.

Thelma tana gefena, hannunta biyu a kan sanda. Ta matso bakin kunnena, ba tare da ta dube ni ba.

"Kin ji yadda ya yi daɗi da aka faɗe shi da ƙarfi? Shekara talatin da ɗaya ina jiran in ji shi a gaban mutane. Yanzu fa, Enid, tunanin ya ƙare, ko in dawo mako mai zuwa?"